Mai Rakiya

Ƙarfe tara na dare a birnin Laidin,
ruwa na tsiyaya a jikin taga,
kekuna sun jingina da juna a bakin magudana
kamar waɗanda hira ta gajiyar.
Wietske ce kaɗai ta rage a hawa na uku,
ita da gunjin firji da shayin da ya huce.

A allon kwamfuta ga wata 'yar halitta
mai baki irin na ɓawon gyaɗa in an fasa.
Aikinta guda ne tak:
ta ɗauki gutsure daga abin da ƙwayar jiki ke ƙerawa,
ta kai shi ƙofar gida, ta ɗaga sama,
masu sintirin jini su duba.
In na gida ne, su wuce abinsu.
In na baƙo ne, gidan ya gama yawo.

Sai dai sabuwar haihuwa ce, hannunta rawa yake.
Gutsattsari dubu na kwararowa,
wani guntu, wani zaƙaƙurin tsawo, wani santsi tsiya,
ita kuwa kome aka miƙo, caraf.

A nan furotin tafasin ke shigowa.
Ba ya zaɓa mata.
Shekara shida Wietske ta yi kafin ta yarda da haka.
Kafaɗarta kawai yake dafawa,
ya hana bakin rufuwa,
ya ɗan jijjiga.
Mai sako-sako ya zame ya faɗi.
Wani ya zo, shi ma ya bi shi.
Har a dace da wanda ya zauna daram,
ƙafa biyu cikin rami biyu,
sai bakin ya datse da kansa
ya ture hannun mai rakiya.
Sallamar ke nan. Ba na gode, ba waiwaye.

Tana 'yar shekara tara, a rumfar katako kusa da Lisse,
bazara ce, ana tsince albasar furen tulif.
Mahaifiyarta Aukje ba ta taɓa cewa ga mai kyau ba.
Wuyan hannunta take kamawa,
yatsunta kaushi, ƙasa a ƙarƙashin farce,
ta ce: kar ki dunƙule tukuna, danna ki ji.
Mai laushi a bokiti.
Mai tabo a bokiti.
Yarinya na kumbura baki, uwa ko a jikinta.

Wietske ta san makircin wasu sankarori:
mai rakiya suke kora daga aiki.
Sai kaya su fita ba ɗauri, su zube a hanya,
masu sintiri su iske ƙofa wayam,
su ce lafiya lau, su ƙara gaba,
alhali wuta na cin ɗaka.
Tsokar huhun Aukje na nan ƙasa a ma'ajiya,
tsakanin gilashi biyu, da lamba a goshi.
Makulli na aljihunta.
Ba ta taɓa saukowa ta duba ba.

Waya ta yi ƙara. Thijmen ne, ɗalibinta:
sakamako ya fito, gobe zai tura takarda.
Ta rubuta: sake gwadawa, kar ka dunƙule tukuna.
Ya amsa: sau huɗu na sake, malama,
dubi layi na uku, ke ce kika yi kuskure a bara.

Ta duba.
Ta cire tabarau, ta goge, ta sake dubawa.
Wani abu ya ture hannunta a hankali,
daidai inda na Aukje ke kamawa.

Ta rubuta: tura.

A waje ruwa bai ɗauke ba.
Kwaɗon keken ya cije, ta yi ta fama da shi,
sai da ta sassauta riƙo
sannan ya buɗe.